Magen da Goggo Ta Bar Mini

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi Goggo ta koma ranar wata Laraba, tsakanin azahar da la'asar, ana tsakiyar yankan gero. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta raine ni tun ina shekara bakwai bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a ɗakin da na ba ta a gidanmu na Gaya ta cika. Ni ban yi boko ba. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mini hali a takarda.

Ana dawowa daga kai ta gida ya cika. Matan Toranke, inda Goggo ta yi aurenta da yawancin rayuwarta, suka iso cikin adaidaita sahu biyu, wasu kan cinyar wasu. Dangin mahaifiyata na Kademi suka zo washegari. Duk wadda ta zauna, in ta gama "Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri", sai ta juyo kaina.

"Ke kam kin yi naki. Ko tsintsiya ba ki bari tsohuwar nan ta ɗauka ba."

"Ni shaida ce," in ji maƙwabciyata. "In an yanka kaza a gidan nan, inda maiƙo yake nan ne rabon Goggo."

"Daga gado sai tabarma. Allah dai ya ba mu masu yi mana haka."

Ina cewa amin, kaina a ƙasa. Su a zatonsu kuka ne ya hana ni ɗagowa. Kunya ce.

A ƙarƙashin gadon Goggo kuwa magenta na kwance, baƙa, tsohuwa, tana numfashi kamar zugazugin maƙeri. Wata ta leƙa ta ce, "Kai! Har magen ma ta ji daɗin gidan nan. Ku dubi wuya!" Aka yi irin dariyar gidan mutuwa, ta bayan mayafi. Daga nan duk wadda ta karɓi wainar sadaka sai ta gutsura ta jefa ƙarƙashin gado, wai ladan ya je wa mai ita. Magen ko sansanawa ba ta yi. Da bakinta Goggo ta bar mini ita amana, ga shi ina kallon amanar tana shirin bin ta.

Wanda bai san Goggo ba, 'yar siririya ce, gajera, ga saurin ƙafa. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi wa rabin matan unguwarsu wankan jego. Ba ta cika cin abinci da yawa ba, takan ce ita ciki ba buhu ba ne da za a ɗinke bakinsa. In ta je gaisuwa aka shimfiɗa mata tabarma, gefe take ɗosana jiki, ta ce in ta zauna sosai ƙasa za ta zaci ta zo ke nan. Ni kuma tun ina yarinya take kirana Dogariya, saboda ba abin da ke motsi a gida ban gani ba, ban kuma tanka ba. "Dogariya, a yi mana afuwa," haka take ce mini in na ɗaure fuska.

Akwai ranar da na fasa tulun da mijinta ya fi so, wanda ruwa ke sanyi a ciki. Mutum ne mai zafi. Da ya shigo ya ga ɓaraguzan, kafin ya buɗe baki Goggo ta ce, "Ni ce, Malam. Hannuna ne da sabulu." Ya yi faɗansa ya gama, ta sha shi tana murmushi. Da ya fita ta dube ni ta ce, "Goge idonki. Je ki ɗebo yumɓu mu gani ko za mu iya." Ba mu iya ba. Amma ban taɓa ji ta sake ambaton tulun nan ba har ta bar duniya. Haka take da laifin mutum, rufewa take ta zauna a kai.

Magen kuwa, tana 'yar ƙarama Goggo ta tsince ta a ƙarƙashin rumbu, shi ya sa take ce mata 'Yar Rumbu. Ta yi mata aiki shekaru, ɓera bai isa ya taɓa hatsin Goggo ba. Da mijinta ya rasu, ƙarfi kuma ya fara ja, na matsa sai ta dawo wurina Gaya. Ta ce za ta zo, amma su biyu ne. Suka zo su biyu, ita da ƙullin kayanta, magen a cikin kwando.

A lokacin magen ta haura shekara goma sha biyu, rabin haƙoranta sun zube. Nan na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Mu a saninmu mage ragowar tuwo take ci, in ta samu ɓera ta ƙara. Goggo ta ce ba tata ba. Busasshen kifi take jiƙawa a ruwan ɗumi, ta zauna ta tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ta murmushe. In an yanka kaza ta roƙi hanta ta dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa, ba barkono. Da damina ta dafa mata ƙwan zabo. A murfin gwangwani take aunawa, sau uku a yini, ba ta ƙarawa ko magen za ta yi kuka har gobe. Nono ta hana, ta ce zawo yake sa ta. Ruwanta a kasko, kullum sabo.

Kuma ba a ƙasa take ajiye abincin ba. Kan turmi take ɗorawa, turmin a kife, sai magen ta yi tsalle ta hau.

"Goggo, wannan ai mugunta ce," na ce mata. "Tsohuwar dabba?"

"Ranar da na sauko mata da shi ƙasa, ranar ta daina hawa. Ranar da ta daina hawa, ta fara kwanciya. Zo ki taɓa nan." Ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikin magen. "Kin ji haƙarƙari? In sai kin ɗan laluba kika ji su, lafiya. In ido ya gan su, yunwa ce. In kika neme su kika rasa, to kin cuce ta."

Na zare hannuna na je na wanke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na safe. In rana ta ɗan ɗaga, Goggo za ta ɗaure zani tamau, ta ɗauko karan dawa da ta ɗaura wa gashin zabo da zare, ta riƙa jan sa a ƙasa tana zagaya darbejiyar tsakar gida. Magen na biye, tana laɓewa, tana kai cafka. Zagaye bakwai suke yi, wani lokaci goma. Goggo na yi tana magana da ita kamar mutum. "Haba, 'Yar Rumbu, yau ke ce da lalaci? Ni ma gwiwar nan ciwo take, amma kin ga na tsaya?" In sun gama ta zauna tana haki tana dariya, ta ɗauko tsohon matsefi ta taje mata baya, inda harshenta ya daina kaiwa.

Shekara uku ina kallon wannan ina haɗiyewa. Mace ta haura tamanin tana tsere da dabba! Na sha ce mata, "Goggo, girma fa." Ta ce, "Dogariya, a yi mana afuwa," ta ci gaba.

Sai auren autata ya taso. Gidan da za ta shiga gidan ma'aikata ne, mutanen ofis, masu duba asalin mutum har kakan kaka. Ranar kawo lefe an ce mana sai bayan azahar. Allah da ikonSa, matan suka yi sammako don za su wuce wani biki a Ajingi. Sallamarsu kawai muka ji, ga su cikin gida da akwatuna, Goggo kuwa tana kan zagaye na huɗu, zani ɗage, tana ce wa baƙar mage, "Kama shi! Kama mini shi!"

Gwaggon ango, wadda ta jagoranci tafiyar, ta yi turus. Ta gaisa da fara'a, aka zauna, aka buɗe kaya. Amma ni kunnena ba ya barci. Ina zuba musu ruwa na ji ɗaya ta raɗa wa ta kusa da ita, "Tsohuwa da baƙar mage suna hira. A dai bincika gidan nan." Ɗayar ta ce, "A'uzu billahi," ta jawo ɗanta jikinta.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san inda wannan maganar ta dosa. In aka laƙa wa gida maita, ba wanka ke fitar da ita ba. Na ga auren 'yata yana rawa a gabana.

Suna fita na ɗauki karan na karya shi a gwiwa, na cusa a murhu. Abin da na faɗa wa Goggo a ranar, ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba.

"So kike a ce mu mayu ne? So kike yarinyar nan ta tsufa a ɗakina? Kin ci zamaninki, ki bar mu mu ci namu! Daga yau ba zagaye, ba hira da dabba. Ki zauna kamar kowace tsohuwa a yi miki hidima."

Ta dubi murhun. Sannan ta ce, "To, 'yar nan. Na zauna." Ba ta ce Dogariya ba.

Aka yi biki lafiya, ba wanda ya sake tada zancen. Ni kuma don in wanke abin da na yi, sai na duƙufa kan hidima. Ta ɗauki tsintsiya, in karɓe. Ta nufi randa, in ce a kawo mata. Ta ce za ta leƙa maƙwabta, in ce rana ta yi zafi. Na cika mata kwano da tuwon shinkafa da man shanu, da tsoka mai kitse, in ta ce ya isa in ce sai ta cinye, kada a ce ina yi mata rowa. Abin da ta rage, magen nake turawa, a ƙasa, har gindin gado, da miyarsa da gishirinsa. Na mai da turmin ɗakin girki. Ina jin daɗi mutane na shigowa suna ganin tsohuwata zaune fes, mage na barci a gefenta.

Wata uku, Goggo ta fara dafa bango in za ta tashi. Wata shida, sai an riƙe ta zuwa banɗaki. Ƙafafun nan da suka sha taka hanyar Toranke zuwa kasuwar Gaya suka kumbura suka yi sanƙarau. Da muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta tambaye ni, "Mama, tana ɗan tattakawa kuwa?" Na ce da alfahari, "Ina! Ai ba ma barin ta wahala." Ta dube ni, ta buɗe baki, ta fasa saboda furfurata, ta ce dai a riƙa taka da ita. A lokacin ƙafar ta riga ta ƙi.

Na san kwana na Allah ne. Ko ta zagaya darbejiya sau dubu, ranar Larabar nan ba za ta wuce ta ba. Amma da ƙafarta za ta iske ranar, ba a kwance ana juya ta ba. Wannan ni na yi.

Kwana uku kafin ta cika, da hantsi, ina goge mata jiki, ta riƙe mini hannu.

"Ga 'Yar Rumbu nan, amana."

"Na karɓa, Goggo."

"Amma don Allah," ta ce, tana 'yar dariya da ƙyar, "kada ki yi mata irin gatan da kika yi mini."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan lamarin. Dangi da suka zo dubiya kuwa ce musu take, "'Yata ta hutar da ni."

A cikin matan Toranke akwai aminiyar Goggo, tare aka kai su aure unguwa ɗaya, ita ta zauna mana har kwana bakwai. Da safiyar bakwai ɗin, muna naɗe kayan mamaciya mu biyu a ɗaki, ta ce ita ma bari ta yi mini godiya. Na ce, "Inna, kada ki yi." Na faɗa mata komai, tun daga karan har zuwa kwanon.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ci gaba da naɗe zani.

"Na sani ai. Duk zuwan da na yi, in kin shiga ɗakin girki sai ta ce, leƙa mini ko Dogariya ta yi nisa. In na ce ta yi, ta sa hannu ƙarƙashin matashi." Ta ɗaga matashin. Gashin zabo ne guda ɗaya, ya tsufa ya mutsuke, da ɗan zare a gindinsa. "Daga kan gado take kaɗa mata, magen na kai hannu daga kwance. In ta ji takunki ta ɓoye. Na ce mata, ke da kika goya ta? Ta ce, ƙyale ta, tsoro ta ji ranar nan, don 'yarta ta yi."

Ni da ake cewa ko allura ba ta faɗuwa a gidana ban ji ba. Matar da ta goya ni tana ɓuya mini kamar ɓarauniya a ɗakin da na ba ta, wata goma, ban sani ba.

Magen kuwa kwana biyu ke nan ko ruwa da ƙyar. Ranar kasuwa na sa ta a kwando na rufe da zani, na nufi wajen 'yan awaki, inda malamin dabbobi ke zama yana duba bisashe. Ban taɓa shiga wajen ba, wurin maza ne. Magen ta yi ƙara a kwando, wani dillali ya ce, "Hajiya, wannan akuyar taki wace iri ce? Ta layya ce?" Aka kwashe da dariya. Da can da sai na wanke shi tas. Na wuce.

Malamin ya ɗaga ta, ya ce, "Kai, nauyi." Ya buɗe bakinta ya duba, sannan ya sa yatsu a gefen cikinta yana laluben abin da Goggo ta nuna mini. Bai samu ba.

"Shekararta nawa?"

"Ta kusa goma sha bakwai."

"A ƙauye? To wanda ya riƙe ta har ta kai haka ya san abin da yake yi. Amma wani ya karɓe ta daga baya, ko? Wa ya yi mata wannan ɗurin?"

Ga dillalai a tsaye suna saurare. Na ce, "Ni ce."

Ya sassauta murya. Ya yi mata allura, ya ce kada in kuskura in horar da ita da yunwa don ta rame, mage mai ƙiba in ta daɗe ba ta ci ba hantarta ke lalacewa. In fara lallaɓa ta ta ci tukuna, kifi mai laushi da ɗumi, kaɗan-kaɗan, ba gishiri ba albasa. In ta karɓa, a riƙa aunawa, a rage a hankali. "Kuma ta motsa, Hajiya. Ko taku biyar ne. Ki samu wani abu ki riƙa ja mata a ƙasa." Ina tsaye yana karanta mini karatun Goggo, har da misali da hannu.

Da yatsa na fara ba ta, tana lasa tana kau da kai. Ba ta yarda da ni ba, kuma tana da gaskiya. Sai a kwana na huɗu ta ci daga murfin gwangwani. Na ɗaura gashin nan na ƙarƙashin matashi a sabon kara, na ja a gabanta. Ta bi shi da ido kawai. Mako guda ido kawai. Sannan hannu. Sannan wata safiya ta miƙe ta yi taku uku ta zube. Na ɗora abincinta kan bulo ɗaya, bayan sati biyu bulo biyu. Na koyi tsince ƙaya, ni da idona ya fara hazo. Maigidana ya fito ya same ni ina zagaya darbejiya da zani ɗaure, ya tsaya, ya gyara hula, ya ce, "Allah ya ba da lada," ya fita da sauri don kada in ga bakinsa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau. Ki gaya wa duk wanda ya tambaya." Magana da magen ce dai har yau ba ta zauna mini a baki ba. Nakan ce, "Taso," shi ke nan.

Yau wata biyar da rasuwar Goggo. Shekaranjiya da hantsi na fito na nemi magen na rasa. Sai na ji kukanta daga sama. Ta bi ta kan tarin itace ta haye katanga, inda rana ke fara sauka, ta sha ɗuminta, yanzu kuma saukowa ta gagara. Tana leƙen ƙasa, tana sa hannu tana janyewa, tana kallona tana kuka.

Na isa gindin katangar da sauri, na ɗaga hannu biyu. Saura kaɗan in kama ta.

Sai na mai da hannuwana baya, na riƙe ɗaya da ɗaya. Ban san tsayuwar da ta fi wannan wuya ba. Ta yi kuka ta gaji, ta juya, ta sako ƙafar baya tana lalube, itace ɗaya ya gangaro, na cije leɓe ban motsa ba. Ta dire kan na biyu, ta tsaya ta huta, ta dire ƙasa. Ta girgiza jiki, ta wuce ni ko kallo babu, ta je ta sha ruwa.

Ya Allah, Goggo ta rufa wa bayinKa asiri tun daga yara har manya, Ka rufa mata nata. Ka yalwata mata makwanci, Ka tashe ta da ƙafafunta na da. Ku da kuka yabe ni a zaman makoki, ku mai da yabon addu'a gare ta, ni kuma ku roƙa mini gafara.